Tafarnuwar Kurmi a Tsakar Gidanmu

Babana mahauci ne, barunje kamar yadda muke cewa a nan Sakkwato, kuma duk wanda ya tashi a gidan mahauta ya san ƙarnin nama ba ya jin sabulu. Baba zai dawo daga runji, wato wurin yanka, ya yi wanka, ya sauya riga, ya shafa turare, amma hannunsa yana nan da labarin inda ya wuni. Inna kuwa Allah Ya yi ta da hanci. Tana kwance a ɗaki za ta gaya maka miyar maƙwabta ta kama. Ita ba 'yar mahauta ba ce, 'yar manoman fadama ce, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta saba da wannan ƙarni ba. Ba ta taɓa cewa tana ƙyamarsa ba. Ita dai dokarta ɗaya ce, Baba ba ya sa hannu a akushi sai an wanke hannun yadda take so.

Wankin nan yana da nasa tsari. In Baba ya zauna a tabarma an ajiye masa tuwo, Inna za ta zo da ƙwaryar ruwa da wani ganye a tafinta, ta durƙusa, ta murje ganyen a cikin hannunsa, ta bi tsakanin yatsu har bakin farce, sannan ta zuba ruwa. Shi kuma ya kawar da kai yana mita, wai shi da ke kayar da bijimi an mayar da shi jinjiri. Ta ce ai bijimin take wankewa, ba shi ba. A gidanmu na Ƙofar Rini ba a nuna so a gaban yara, Inna da Baba ko suna ba su kiran juna da shi. Iyakar sanina, wannan ne kaɗai lokacin da nake ganin hannun uwata cikin na ubana, kuma kullum ne.

Inna tana kiran ganyen tafarnuwar kurmi. Ban san sunansa a littafi ba, kuma na gaji da tambaya. Wasu in na kwatanta musu sai su ce albasar kura nake nufi, abin da in Inna ta ji sai ta ɓata rai kamar an zagi danginta. Albasar kura guba ce, in ji ta, kuma da ido ba ka raba su tun suna ƙanana. Sai ka tsinki ganyen ka murza ka kai hanci. In ka ji tafarnuwa, amma mai sanyi, wadda ba ta hawa kai, to ita ce. In ba ka ji komai ba, yar da shi ka goge hannunka. Da damina ɗanyen ganye take amfani da shi, ta kuma yayyanka kaɗan a miyar kuka. Sauran ta shanya a inuwa, ta daka, ta zuba a wani ɗan gora da ke rataye bayan ƙofarta, shi ke kai mu har wata daminar.

Wuri ɗaya ne muka san tana fitowa. In ka bar unguwarmu ka gangara wajen fadama, kafin ka kai gulbi, akwai wani ɗan lungu da itatuwa suka haɗa kai, kanya da tsamiya da ɓaure da 'yan ɗinya. Kiransa kurmi ma kara ce aka yi masa, don mutumin kudu in ya gan shi dariya zai yi. Amma a garin da rana ke dafa ƙwai a kan dakali, wurin da za ka shiga ka ji zufa ta tsaya ya cancanci babban suna. Ƙasar wurin baƙa ce, mai taushi, ganyen shekara da shekaru ya ruɓe a cikinta. In ka taka ƙafarka har nutsewa take yi kaɗan.

Da an yi ruwan farko mai ƙarfi, tun kafin ciyawa ta farga, sai ka ga tafarnuwar ta huda busassun ganye ta fito, jama'a guda, a gindin kanya musamman. Ba ta tsayawa ita kaɗai. Kafin ka ankara ta rufe ƙasa, ƙamshinta ya tare ka tun daga bakin hanya. Sai ta yi fure fari ƙanana, ƙudan zuma su yi mata caa, don a lokacin babu wani furen kirki a duk fadamar. In furen ya bushe ya zubar da 'ya'ya, tururuwa ke kwashe su suna ja zuwa ramukansu, shi ya sa wata shekara za ka ga wani gungu ya ɓullo inda babu shi bara. Matan Fulani masu tallar nono ba su ƙaunarta ko kaɗan, sun ce in saniya ta kutsa ta ci, nonon ranar ba mai saye. Kafin gero ya fitar da kai kuwa tafarnuwar ta yi rawaya ta kwanta, dogayen ciyayi sun haye kanta. In ka zo da kaka ka rantse ba a taɓa yin wani abu a wurin ba.

Tun ina 'yar ƙarama nake bin Inna can. Ni da gaggawata nakan so in cika ƙwarya nan take in huta, ita kuma tana bi a hankali daga gefe, a sunkuye, kamar mai tsintar allura. Ba ta shiga tsakiya, ba ta zuwa da fartanya ko wuƙa, da farce take tsinka. In ta ga na kai hannu zan tumɓuke sai ta daka mini tsawa.

"Ke ɗiyag ga, ɗaga ƙahwarki. Kunne guda aka ɗauka ga kowace, a bar mata saura ta ci da kanta. In kin tuge ta, baɗi mi za ki iskewa?"

Wata shekara da rani muka bi ta wurin za mu gaida dangin Inna, na tsaya a gindin kanya ina dube-dube, na ce mata tafarnuwarmu ta mutu. Ta yi dariya ta ce tana nan ƙarƙashin ƙafata, barci take yi, kuma mai barci ba a zuba masa ruwa. Ta ce ganyen da kanya ke zubarwa shi ne bargonta, shi ne kuma abincinta, ruwan sama ne kaɗai ya san lokacin tashinta. Na ɗauki maganar irin zancen da uwa ke yi wa yaro don ya yi shiru, na ci gaba da tsintar kanya.

Na girma, aka yi mini aure, na tare a Minanata, na shiga hidimar nawa gidan. Inna ta ci gaba da zuwa ita kaɗai. In na je gida sai ta ba ni labarin kurmin kamar labarin wani ɗan'uwa marar lafiya: an sare ɓauren nan na bakin hanya, masu yin bulo sun matso, ɗinya ɗaya ta bushe. Ina sauraro da kunne ɗaya, ina jijjiga goyo. A lokacin gani nake yi kurmi ai ba ya zuwa ko'ina, haka ma Inna.

Ciwon da ya kama Inna bai ɗauke ta da tsawo ba. Da bazara ta kwanta, aka yi ta fama tsakanin gida da asibiti, ruwan farko ya sauka tana kan gado. Ta ji ƙamshin ƙasa ta taga, ta ce da ni yanzu kam sun fito. Na ce in ta warware sai mu je tare. Ta dube ni irin kallon da take yi mini in na faɗi abin da mu duka mun san ba haka ba ne. Damina ba ta raba ba aka kai ta makwancinta. A shekarar ba wanda ya je kurmi, ba wanda ya ma tuna.

Baba bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya karɓi gaisuwa, ya yi wa masu ba shi haƙuri godiya, har shi ke rarrashin ƙannen Inna. Bayan an watse sai na lura ya ɗauko ɗan goran nan daga bayan ƙofa ya ajiye kusa da tabarmarsa. In an kawo abinci sai ya zazzaga ɗan garin a tafinsa, ya ɗiga ruwa, ya murza da kansa. Na taɓa cewa ya kawo in yi masa, ya girgiza kai. Garin da ma ragowar na bara ne, bai taka kara ya karya ba. Ranar da ya kife goran ya bubbuga babu abin da ya faɗo, ya zauna ya daɗe yana kallon tuwon, ya yi loma biyu ya ture.

Daga nan cin abinci ya zama yaƙi. Ni da matar yayana, wadda ke zaune a gidan, babu irin girkin da ba mu gwada ba. Ya ce komai ƙarni yake yi masa. Mutumin da ya daina zuwa runji, ya bar wa yayana wuƙaƙensa, rabonsa da taɓa ɗanyen nama tun kafin rasuwar, shi ke cewa hannunsa na ƙarni. Na kawo lemun tsami, na kawo tafarnuwar kasuwa na daka, ya shinshina ya ce wannan ai ta miya ce. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Na tsorata ƙwarai, don na ga alamar wanda ya fara naɗe tabarmarsa, kuma ban shirya rasa su biyu a shekara ɗaya ba.

Bayan an gama girbi, sanyi ya fara shigowa, wani maƙwabcinmu ya zo gaishe shi, cikin hira ya ce an yanka filaye a gangaren fadama, ana ta sare itatuwan wurin ana kai wa masu gidajen burodi. Baƙon ya yi sallama ya tafi. Da na zo ɗaukar kwanuka sai Baba ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, wurin ga da Innakku ka zuwa, kin san shi?"

Na ce na sani. Ya ce gobe in kai shi. Shekara da shekaru ana wanke masa hannu da ganyen nan, ashe ko sau ɗaya bai taɓa ganin inda yake fitowa ba.

Da hantsi muka hau baburan kabu-kabu biyu, shi a gaba ni a baya, ina kallon yadda iska ke kaɗa rigarsa kamar babu mutum a ciki. Da muka isa na kasa gane wurin. Tsamiya ta tafi, ɓaure ya tafi, rana ta sauka kai tsaye kan ƙasar da ba ta taɓa ganinta ba. An kafa turaku an ja igiya. Kanya ce kawai ta rage a tsaye, ita ma an sassare mata rassa, masu gatari suna zaune a gefe suna shan fura kafin su ƙarasa ta. Baba ya yi musu sallama, ya roƙi su ɗan dakata. Suka ga furfura suka ce ba komai.

Na nuna masa gindin kanyar, wajen gabas, inda na san gungu mafi yawa yake. Babu ko tsinke a sama. Ya durƙusa ya fara tono da hannu, ni ma na durƙusa. Zuciyata tana ta ce mini Inna ba ta yarda a tono, amma wadda aka bari a ƙasa gobe siminti za a zuba mata. Mun ɗan jima kafin yatsana ya taɓa ƙwaya ta farko. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi ƙwayar gujiya ba, doguwa kaɗan, da ɓawo mai ruwan ƙasa. Na ɗan kankare ta da farce na miƙa masa. Ya kai hanci, ya rufe ido. Muka ci gaba da tono har muka tara abin da zai cika tafi biyu, daga nan ko mun tona sai saiwar kanya.

Ba mu zo da komai na zubawa ba. Na kwance bakin mayafina, amma kafin in shimfiɗa Baba ya cire hularsa ya juye su a ciki. Haka muka komo, dattijo kamarsa a bayan babur da kai a buɗe, ya rungume hula a ƙirji. A bakin unguwa mutane suna gaishe shi suna satar kallon kansa, don akwai waɗanda aka haifa suka yi gemu ba su taɓa ganin sanƙon Baba ba. Shi ko a jikinsa.

Da yamma ya aika aka kira Kawu, ƙanen Inna, wanda ya gaji gonar kakanmu yake noman tafarnuwa da albasa a fadama. Kawu gwani ne, wannan ba a ja. Tafarnuwarsa har daga kudu ake zuwa saye, kuma ya san haka, shi ya sa ba a gaya masa magana a kan abin da ke da kai a ƙasa. Tsakaninsa da Baba akwai wasan miji da ƙanen mata, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya juya 'yan ƙwayoyin a tafinsa, ya ce yau ga barunje zai koma manomi, Allah Ya sa kada ya yanka su. Baba ya yi murmushi, na farko da na gani tun rasuwar.

Na ce a binne su can gindin dogon yaro, a inuwa, a rufe da busasshen ganye a ƙyale su har ruwa ya sauka, haka Inna ta ce suke so. Kawu ya dube ni kamar na ce a shuka gero a cikin randa.

"Tahwarnuwa dai tahwarnuwa ta, ko ta daji ko ta gida. Rana taka so, da taki, da ruwa. Yanzu na lokacin dashenta, ni ma jiya nig gama nawa."

Ya ce wahalar daji ce ta hana su girma, in suka samu kulawa sai sun yi kai kamar dunƙulen hannu. Ba da mugunta ya faɗa ba. Yayarsa ce ta rasu, shi ma yana neman abin da zai yi mata, kuma abin da ya iya ke nan. Nan take ya karɓi fartanya ya ja fangali a tsakiyar gida, ɗan fili mai gefe-gefe da ke riƙe ruwa irin na lambu, daidai inda rana ke wuni. Ya sa aka kawo takin awaki ya cakuɗa, ya jera ƙwayoyin a layi da tazara, kowace ita kaɗai, ya ce safe da yamma a ba su ruwa. Na roƙi Baba ya ba ni ko uku in kai Minanata. Ya ce a'a, tare ya same su, ba zai raba su gida biyu ba.

Daga ranar Baba ya samu aiki. In ya dawo masallaci da safe sai ya cika buta ya bi layi yana zubawa a hankali, bayan la'asar ya sake. Ya kewaye fangalin da ƙaya saboda kaji. Jikokinsa in ƙwallonsu ya faɗa ciki sai sun nemi mai ceto. Abin da ya fi, ya fara cin abinci. Ba da yawa ba, amma yana ci, yana cewa a ƙara masa miya, wai mai noma ba ya aiki da yunwa. Matar yayana har sadaka ta yi don murna.

Ni kuwa duk zuwan da zan yi in ga ƙasar nan jiƙe sharkaf, baƙa ƙirin da taki, sai in tuna maganar Inna. Na san abin da ke faruwa a ƙarƙashi. Na yi ta kewaye-kewaye, in ce ko a rage, in ce ko a bari sai bayan kwana biyu. Wata rana na same shi da butar, haƙurina ya ƙare, don ni ma 'yar Inna ce wajen baki. Na ce Baba, wannan ba tafarnuwar Kawu ba ce, barci take yi, ruwan nan ruɓar da ita zai yi, garin neman gira za mu rasa ido. Bai yi fushi ba. Ya ƙarasa layin da yake kai, ya ajiye butar, ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Uwata, na kai guda na aje cikin ƙasa, ranag ga na bisa kanta, ko moɗa guda ba ni iya kai mata. Wagga kau ga ta gabana, kic ce in sa mata ido?"

Na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin gadonta na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ruwan da ke kashe tafarnuwar shi ke riƙe da ubana, kuma in an ce in zaɓa, ai ba zaɓi ba ne. Daga ranar ban ƙara ce masa ya rage ba. Wani lokaci ma ni ke cika masa butar.

Na koma kurmin ni kaɗai, ko zan samu waɗanda suka tsere mana in ɓoye a gidana. Na tarar an tumɓuke kututturen kanyar, an kankare baƙar ƙasar nan an tara gefe an kwashe, an haƙa ramin tushen gini daidai inda muka durƙusa. Wani lebura ya tambaye ni ko fili nake nema. Na ce a'a, wucewa nake yi.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Kawu ya cire tafarnuwarsa, ya kawo mana kwando guda, manya-manya farare. Ya tsaya a kan fangalin Baba, wanda ko tsiro ɗaya bai nuna ba, ya daɗe yana susar gemu. Ya ce wataƙila irin ta daji ba ta jin ruwan rijiya, sai na sama. Bai yi tsokana ba ranar, kuma da zai fita bai yarda mun haɗa ido ba. Baba ya karɓi maganar hannu biyu, ya koma jiran damina, amma bai ajiye butar ba. Duk tsananin bazarar nan, lokacin da mutum ke kwana yana juyi don zafi, fangalin bai taɓa bushewa ba.

Ruwan farko ya zo da iska da ƙura, ya sauka sosai har kwata ta cika. Bayan 'yan kwanaki fangalin ya yi kore. Takin awaki ba ya zuwa shi kaɗai, ya taho da 'ya'yan kowace irin ciyawa. Baba zai tsuguna, ya tsinki ɗan tsiro, ya murza, ya kai hanci, ya yar, ya tsinki na gaba, yadda na gaya masa Inna ke gwadawa. Tafasa ce, gasaya ce, rai-ɗore ne. Aka yi ruwa na biyu, aka yi na uku. A lissafina da a kurmi ne da tuni ta yi fure ƙudan zuma sun taru. Cin abincinsa ya sake ja da baya, ni kuma na koma kwana a Ƙofar Rini.

Wata safiya bayan ya dawo masallaci bai ɗauki butar ba. Ya janye ƙayar gefe, ya tattare hannun riga, ya durƙusa ya fara tona layin farko da yatsu. Ina bakin murhu ina ɗumama tuwo, na bar shi na zo na tsaya a kansa. Inda aka sa ta farko babu komai sai laka. Ta biyu ma haka. A ta uku ya ciro wani ɗan abu baƙi, ya matsa, ya fashe ruwa, sai ɓawon ya rage masa a yatsa. Bai tsaya ba, ya bi layukan nan duka har ƙarshe, yana tara 'yan ɓawon a tafin hagu. Ko ɗaya ba ta rayu ba.

Na jira ya ce wani abu, ko ya ce da na ji maganarki, ko ya ambaci Kawu. Bai ce ba, ni ma ban so ya ce ba. Ya zauna a ƙasa nan gefen fangalin, ya hure ƙasar da ke jikin ɓawon, ya haɗa tafinsa biyu ya fara murzawa. Ya bi tsakanin yatsu, ɗaya bayan ɗaya, har bakin farce. Daga inda nake tsaye na ji shi, siriri, a ƙarƙashin warin laka da taki, ƙamshin nan mai sanyi. Ya kifa hannuwan a fuskarsa ya daɗe a haka, kafaɗunsa suna rawa. Na juya baya na koma wajen murhu, don bai kamata 'ya ta ga wannan ba.

Can sai na ji ya ce in akwai ɗumame in kawo masa. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye akushi, na koma na ɗebo ruwa a ƙwarya na durƙusa gabansa. Ya dubi ƙwaryar, ya sa bayan hannu ya ture ta gefe a hankali.

"Ɗauke ruwan ga, Uwata. An riga an wanke."

Ya yi bisimilla, ya cinye tuwon nan tas. Ni ce na kasa cin nawa.